Vernon Sugden da Mutumin Bayan Raga

Haihuwa da asali

An haifi Vernon Arnold Sugden ranar tara ga watan Maris na shekarar 1945, a garin Hathersby da ke lardin Yorkshire, a gida mai lamba goma sha huɗu na layin ma'aikatan mahaƙa. Mahaifinsa, Arnold Sugden, ya yi shekara talatin da ɗaya yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, mahaifiyarsa Edna kuwa tana aiki a masaƙar ulu ta bakin kogi. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji.

Mutanen garin sun san shi da laƙabin Guduma, sun san ƙwallaye ɗari da saba'in da ɗaya da ya zura a raga, har yau ma hotonsa na rataye a zauren ƙungiyar garin. Abin da ba su sani ba sai a ƙarshe shi ne, wannan ƙaton da masu tsaron gida ke rawar jiki idan sun hango shi, ya yi shekara arba'in da takwas cur yana tsoron mutum ɗaya.

Karatu da shiga mahaƙa

Ya shiga makarantar coci ta unguwarsu a shekarar 1950, ya bar karatu a 1960 yana ɗan shekara goma sha biyar, ba tare da wata takardar kirki ba, domin kuwa malamansa sun yi ittifaƙi a kan cewa kansa ya fi dacewa da dukan ƙwallo fiye da ɗaukar darasi. A wannan shekarar ya bi mahaifinsa mahaƙa, inda ya yi shekara uku yana tura keken kwal. Ranar Asabar kuwa yana buga wa ƙungiyar ma'aikata wasa, kuma a can ne Mista Birkinshaw, kocin Hathersby Town, ya gan shi, ya ɗauke shi a watan Agustan 1963.

Ranar da zai bar mahaƙa, mahaifinsa ya raka shi bakin ƙofa ya ce, "Ka ga ramin nan? Yana nan yana jiran ka. Duk abin da mutumin can ya ce ka yi, ka yi shi, kada ka sake ka dawo nan." Vernon ya riƙe wannan wasiyya fiye da yadda ya kamata.

Tarbiyyar ɗan wasan gaba

A wancan zamani akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a littafi ba, amma kowane mai lamba tara ya san ta kamar sunansa. Idan aka ɗago ƙwallon farko ta sama zuwa bakin raga, aikin ɗan gaba ba cin ƙwallo ba ne, aikinsa shi ne ya ɗanɗana wa gola kafaɗa ko gwiwar hannu, domin ya ji a jikinsa, ya riƙa shakkar fitowa har a tashi wasa. A Hathersby gaisuwa suke kiran wannan. Birkinshaw, wani gajeren mutum mai murya kamar ta injin niƙa, shi ya koya wa Vernon ita tun makon farko.

"Kai, dogon banza, zo nan! Gola abokinka ne? Kun haɗa dangi?"

"A'a, Oga."

"To don me kake kauce masa kamar mai tsallake kwata? Ka gaishe shi. Da zafi-zafi. In an tashi ka saya masa giya, shi ke nan, an wuce wurin."

Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a idon 'yan wasa. Idan ka ji wa mutum rauni har aka fitar da shi daga fili a kan gadon ɗaukar majinyata, wajibi ne ka je asibiti da ƙafarka, riƙe da inabi a jakar takarda, ka tsaya a gabansa, ka fara magana. Wanda ya yi ɓarnar shi ke fara magana, ba wanda ke kwance ba. Wanda ya ƙi zuwa kuwa, ko ba a faɗa masa ba, ya san abin da ake kiran sa.

Vernon ya ƙware a gaisuwa ƙwarai da gaske. Tsakanin 1963 da 1969 ya ci ƙwallo ɗari da goma sha biyu a rukuni na uku, 'yan kallo suka raɗa masa Guduma, kuma sau biyu ya kai inabi asibiti aka yi dariya aka rabu lafiya.

Aure

Ranar Asabar, goma ga watan Yunin 1967, aka ɗaura aurensa da Glenys Aldred, 'yar wani direban bas, mace mai kaifin baki da kaifin ido, wadda ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, tana cewa ita ba ta ga dalilin biyan kuɗi don ta ga mijinta yana birgima a taɓo ba, alhali ita za ta wanke kayan. An haifa musu Howard a 1968, kuma tana ɗauke da ciki na biyu lokacin da abin da ya faru ya faru.

Asabar, 22 ga Nuwamba, 1969

A wannan rana Hathersby ta karɓi baƙuncin Oxenby Rovers a wani wasa da ba na kofi ba, ba kuma na hawa rukuni ba, wasa ne kawai irin na kowace Asabar. Golan Oxenby shi ne Lennie Garthwaite, ɗan shekara ashirin da uku, wanda ake kira Danƙo saboda ƙwallo ba ta suɓuce masa, kuma ana raɗe-raɗin wata babbar ƙungiya za ta ɗauke shi bayan Kirsimeti. Hazo ya sauka tun da rana, ya haɗu da hayaƙin masaƙa, har wanda ke tsakiyar fili ba ya ganin raga sosai.

A minti na shida aka ɗago ƙwallo daga gefen dama. Lennie ya fito ya yi tsalle ya cafke ta da hannu biyu, ya rungume ta tsaf. Vernon ya makara, ya ga ta shiga hannun mutum, yana da sarari da lokacin da zai kauce, amma bai kauce ba. Ya tashi da dukan nauyinsa ya kai gwiwar hannu a gefen fuskar Lennie ta hagu. Ƙarar da ya ji, ya ce daga baya, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ƙwallo ta faɗi ta gangara cikin raga, alƙalin wasa da ke nesa cikin hazo ya hura usur ya nuna tsakiya, mutum dubu tara suka kaure da ihu. Babu kyamara a filin, babu wanda ya ga haƙiƙanin abin sai mutum biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance jini na fita ta kunnensa.

An tashi ɗaya da nema. Jaridar yamma ta rubuta cewa Garthwaite ya fito da gaggawa, ƙwallo ta suɓuce masa, suka yi karo da Sugden bisa tsautsayi. Lennie ya yi kwana tara bai san inda kansa yake ba, ya yi mako goma sha ɗaya a asibiti da fasasshen ƙoƙon kai, ya rasa idon hagu, kuma bai sake tsayawa a raga ba har abada.

Inabin da bai kai ba

Ranar Talatar da ta biyo bayan farfaɗowar Lennie, Vernon ya sayi inabi a kasuwa, ya hau bas zuwa asibitin Oxenby. Ya hau bene, ya isa ƙofar ɗakin majinyata, ya leƙa ta gilashi. Ya hango kai naɗe da bandeji, da ido ɗaya a buɗe yana kallon ƙofar. Ya tabbata mutumin nan ya san komai, kuma da ya shiga zai faɗa a gaban uwarsa da ke zaune a gefen gado, gobe jarida ta ɗauka, jibi ƙungiya ta kore shi, gata ya koma rami. Ya juya ya sauka, ya jefa jakar a kwandon shara na bakin titi.

Da ya koma gida Glenys ta tambaye shi, "Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"Me ya ce maka?"

"Barci yake."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Vernon, ƙarya ba ta yi maka kyau, kunnuwanka ja suke yi. Ka koma."

Bai koma ba. Tun daga ranar kuma inabi bai sake shiga gidansa ba, ko a ranar Kirsimeti, kuma yaransa sun tashi suna zaton cikinsa ne ba ya so. An haifi Lorraine a watan Fabrairun 1970.

Mutumin bayan raga

A wasan farko na gida a watan Agustan 1970, Vernon ya ruga zai buga wata ƙwallo da ka, sai idonsa ya faɗa bayan raga. Wani siriri ne tsaye a jikin shinge, da hula hana-salla da doguwar kwat mai ruwan toka, idon hagu a rufe da baƙin ƙyalle, hannun dama cikin aljihu. Ba ya ihu, ba ya zagi, ba ya kallon ƙwallo, Vernon kawai yake kallo. Bayan hutun rabin lokaci da aka sauya gida, sai ga shi ya zagayo bayan ɗaya ragar.

Haka abin ya ci gaba kowace Asabar. Vernon ya yi nazarin hannun nan da ke cikin aljihu har ya kusa zaucewa: wata rana ya ce wuƙa ce, wata rana ya ce kwalbar ruwan batir ce, domin wanda ya rasa ido, ido zai nema. Ya daina fita ta ƙofar 'yan wasa, ya koma bi ta ɗakin wanki. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofar gidansa sai ya leƙa ta labule. Mafi muni kuma, ƙafarsa ta daina tashi a gaban gola, Guduma ya koma kauce-kauce kamar sabon shiga, ƙwallayensa suka ragu zuwa tara a kakar wasa guda. Birkinshaw ya yi zagi har ya gaji.

"Wai me ya same ka ne? Don wancan mai ido ɗayan? Tsautsayi ne, jarida ma ta faɗa! Ka je ka saya masa giya, ka ce ya tafi gidansu."

"Zan je, Oga."

Bai je ba. A 1972 ya roƙi a sayar da shi, aka sayar da shi ga Saltmouth da ke bakin teku a kudu, tafiyar awa bakwai a jirgin ƙasa. Ya samu wata huɗu yana numfashi kamar kowa, har ya ci ƙwallo goma sha ɗaya. A watan Nuwamba, ranar da ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya ɗaga kai ya ga hular nan da kwat ɗin nan a bayan raga. Abokan wasansa sun shaida cewa ya yi amai a tsakiyar fili, aka ce abincin rana ne. An haifi Neville a can a 1974, kuma a watan Mayun 1977, gwiwa ta lalace, Vernon ya rataye takalmi yana da shekara talatin da biyu.

Shagon kifi

A 1978 iyalin suka koma Hathersby, domin Glenys ta rantse ba za ta tsufa cikin mutanen da ba su iya gaisuwa ba. Ya buɗe shagon soyayyen kifi da dankali a titin Kiln, ya yi shekara ashirin da tara a gaban tukunyar mai. Shagon ya yi kasuwa, tsofaffin magoya baya na zuwa suna tsokanar sa, "Guduma, a ƙara dankali, ko sai na tuna maka ƙwallon da ka zubar a wasanku da Brackley?" shi kuma yana mai da musu martani. Wanda ya gan shi zai ce ga mutumin da ya gama da duniya lafiya.

Amma kowace shekara, ranar ashirin da biyu ga Nuwamba, da misalin ƙarfe biyar na yamma, Lennie Garthwaite yakan shiga layi. In ranar ta faɗo Lahadi da shago ke rufe, sai ya zo Litinin. Yakan iso gaban kanta, hannun dama a aljihu, ya ce, "Kifi ɗaya, dankali ƙarami." Sai ya tsaya yana kallon Vernon, yana jira, shiru ya yi tsawo har na baya su fara gyaran murya. Tsakaninsu tukunyar mai ce tana tafasa, kuma Vernon ya san abin da tafasasshen mai ke yi wa fuska. Gumi yakan keto masa, ya naɗe kifin, ya ce, "Gishiri?" Lennie ya ce, "Kaɗan." Iyakar maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan, shekara bayan shekara.

Glenys ta sha faɗa masa, "Mutumin nan magana yake jira, ba kifi ba. Kai ne za ka fara, ka fi ni sani." Shi kuwa sai ya ce ta bar shi da ciwon kai.

Lorraine

Cikin 'ya'yansa uku, Lorraine ce ta ɗauko ƙwallo, kuma ita ce 'yar lelensa, ba ya ɓoyewa. Sai dai, don ƙaddara ta cika masa aiki, raga ta zaɓa. A 1991, tana da shekara ashirin da ɗaya, tana aikin jinya, ta zama golar ƙungiyar matan Hathersby. Ranar wata Lahadi ta watan Oktoba Vernon ya je kallon ta a filin bayan makaranta. Tun daga nesa ya hango hula da kwat a bayan ragarta, taku uku kacal tsakanin mutumin da ƙeyar 'yarsa, hannu a aljihu. Ya so ya yi ihu ya ce ta fito daga wurin, amma sai ya tsaya riƙe da shinge har aka tashi wasa bai san wa ya ci ba.

Da yamma a wurin cin abinci ta ce, "Baba, ashe ka san Mista Garthwaite? Wani dattijo mai ido ɗaya. Kai, mutumin nan ya san raga! Yana tsaye a bayana yana cewa, fito yanzu, ɗaga gwiwa, kare fuskarki. Ya ce kun taɓa karawa."

Cokali ya faɗi daga hannun Vernon. "Me kuma ya ce?"

"Ba komai. Ya ce in gaishe ka."

"Ki rabu da shi."

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Haba Baba, shekarata nawa? Bawan Allah bai yi min komai ba sai alheri."

Ba ta rabu da shi ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana tsaron gida, Lennie na bayanta, har ya zama kamar kawu a wurinta, ya halarci bikinta a 1996 ya zauna a kujerar baya. Daga nan tsoron Vernon ya sauya kama. Ya daina tunanin wuƙa, ya gane cewa mutumin nan ya samu abin da ya fi wuƙa, domin rana ɗaya kawai zai buɗe baki ya gaya wa Lorraine ko wane ne ubanta. Duk Lahadin da ta zo gida, Vernon yakan karanci fuskarta tun daga bakin ƙofa kafin ya iya amsa gaisuwa.

Tsufa

Ya sayar da shagon a 2007. Glenys ta rasu a watan Afrilun 2009, kuma cikin maganganunta na ƙarshe akwai cewa, "Ban san me ka yi wa yaron nan ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma ka kai masa inabinsa." A 2012 Lennie ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Oxenby, Lorraine na ziyartar sa duk wata.

A 2016 likita ya shaida wa Vernon cewa mantuwa ta fara kama shi, irin wadda ke kama tsofaffin 'yan gaba da suka yi shekaru suna dukan jiƙaƙƙiyar ƙwallon fata da ka. Ya fara manta sunayen jikoki, ya fara ajiye madara a cikin akwatin takalma, amma minti na shida na waccan Asabar bai gushe ba ko kaɗan. Wata rana suna kallon wasa a talabijin da Lorraine, gola ya fito ya cafke ƙwallo, sai Vernon ya zabura ya kwatsa ihu, "Ta shiga hannunsa! Kauce, kauce!" Ta dube shi da mamaki, domin babu kowa kusa da golan. Ya koma ya zauna, ya fahimci cewa bakinsa ya fara fita daga ikonsa, kuma in Lennie bai tona ba, shi da kansa zai tona, a ranar da ba zai ma iya ba da haƙuri ba.

Ziyarar 22 ga Nuwamba, 2017

Ranar Laraba ce. Da safe ya buga wa Lorraine waya ya ce ta zo ta kai shi Oxenby, su biya kasuwa.

"Inabi, Baba? Kai da ba ka ci?"

"Ba nawa ba ne."

Sun tarar da Lennie a keken guragu a bakin taga, ya rame, kwat ɗin nan a kafaɗarsa, hannun dama a aljihu. Vernon ya tsaya a gabansa riƙe da jakar takarda. Ya so ya ce Lorraine ta fita, ya kasa.

"Lennie," ya ce. "Na zo duba ka."

Ido ɗayan ya dubi jakar, ya dube shi. "Ka ɗan makara."

Sai hannun ya fara fitowa daga aljihu, a hankali, domin jikin ya ƙi. Vernon ya ja da baya har ya bugi gado, ya runtse ido. Da ya buɗe, wata 'yar takardar jarida ce, ta yi ja, an liƙe ta da salatif a wurare da yawa.

"Nan sun ce ta suɓuce mini," in ji Lennie, harshensa na nauyi. "Ni ban tuna komai ba. Na tuna na ɗaura igiyar takalmi, sai na farka a gado. Uwata ta mutu tana cewa gaggawata ce ta ja mini. Kai kaɗai ka gani. Na yi ta zuwa, na yi ta tsayawa a gabanka, ka ƙi farawa. To yanzu ka fara. Na kama ta ko ban kama ba?"

Ashe bai sani ba. Shekara arba'in da takwas, ashe bai sani ba! Ƙofa a buɗe take, Vernon zai iya cewa hazo ne, bai gani ba, ya ajiye inabi ya fita da mutuncinsa, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Ya dubi Lorraine, tana yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa. Tsoro bai taɓa kama shi kamar na wannan lokaci ba.

"Ka kama ta," ya ce. "Da hannu biyu, ka rungume ta. Na gani. Ina da lokacin kaucewa. Ban kauce ba, da gangan na kai maka gwiwar hannu."

Lennie ya daɗe yana kallon takardar, hawaye ya gangaro daga idon mai gani.

"Na sani," ya ce. "Na sani a raina. Ni Danƙo, ƙwallon sama ta suɓuce mini? Ina!" Ya ɗago. "Tashi ka ba ni wuri, Sugden. Bar inabin. Ke, 'yata, zauna."

Lorraine ta zauna, ba ta dubi ubanta ba. Vernon ya fita ya tsaya a jikin mota cikin sanyi, awa ɗaya da kwata. Da ta fito idonta ya yi ja, ta buɗe masa ƙofa, ta ɗaura masa bel, suka yi tafiyar mil goma sha takwas zuwa Hathersby. A ƙofar gida ta kashe mota ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kana kallon yana koya mini yadda zan kare fuskata daga irinka. Gobe zan zo da takarda da biro, za ka faɗa in rubuta wa jarida."

Wasiƙar ta fito a makon farko na Disamba. Tsofaffin 'yan wasa suka ce, to me ye a ciki, ai kowa ya yi gaisuwa a zamanin. Ƙungiya ta yi zama ta bar hoton inda yake. Lennie ya yanke wasiƙar ya sa a aljihu, ya jefar da tsohuwar. Lorraine ta ci gaba da zuwa ranar Lahadi, tana yi wa ubanta aski tana yanke masa farce, amma ba ta sake zama kallon ƙwallo da shi ba, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Rasuwa da jana'iza

Vernon Arnold Sugden ya rasu da safiyar Litinin, huɗu ga watan Fabrairun 2019, a gidansa da ke Hathersby, yana da shekara saba'in da uku. Ƙungiya ta nemi a ƙona gawar a watsa tokar a bakin raga, kamar yadda ake yi wa manyan 'yan gabanta, amma ya riga ya bar wasiyya cewa kada a kai shi kusa da wurin. An binne shi ranar Juma'a, goma sha biyar ga wata, a maƙabartar cocin unguwarsu, kusa da Glenys.

Bayan an watse, aka turo wani tsoho mai ido ɗaya a keken guragu har bakin kabarin. Ya ɗauko jakar takarda daga cinyarsa ya miƙa aka ajiye masa a kan ƙasar. Howard, wanda bai gane ba, ya tambaye shi ko mene ne.

"Inabi," in ji Lennie Garthwaite. "An fitar da mutum daga fili, sai a zo a duba shi. Ban ce na yafe ba. Amma ni na san ƙa'ida, kuma ban yi shekara arba'in da takwas ba."

Marigayin ya bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai. 'Ya'yan su ne Howard, mai gyaran wutar lantarki a Leeds. Da Neville, malamin makaranta a Saltmouth. Da Lorraine, ma'aikaciyar jinya kuma tsohuwar mai tsaron gida, wadda ita ce ta turo keken zuwa bakin kabarin ubanta, ita ce kuma ta mai da shi.